Mayar da Tsohuwar Mota Mai Ƙwanji Motar Tseren Rubu'in Mil



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da ƙarafan mota, balle motocin Amurka. To, maƙwabtaka ce ta haɗa mu. Sa'ad da nake karatun digirina na uku a can, na zauna kusa da wani dattijo mai walda da ya yi ritaya, yana da wata tsohuwar Plymouth a garejinsa wadda ya shafe shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa. Ni ne ɗan miƙa sifana, kuma ran Asabar nakan bi shi filin tsere. Abin da zan faɗa muku yau wani daga bakinsa na ji, wani na gani da idona, wani kuma na bi littattafan masu sana'ar na tabbatar.

Sai mu fara da sunaye biyu. Amurkawa suna da wasu motoci da suka laƙaba wa sunan da ma'anarsa ita ce mota mai tsoka, ni kuwa na ga ya fi dacewa mu ce mota mai ƙwanji. Siffarta ita ce madaidaicin jiki mai ƙofa biyu, da ƙaton inji mai silinda takwas wanda asali don manyan motoci aka ƙera shi, da tayoyin baya masu tura ta, da kuɗin da saurayi ma'aikaci zai iya biya. Galibi akan ɗauki Pontiac GTO ta 1964 a matsayin ta fari. A lokacin, kamfanin General Motors yana da dokar da ta hana sa babban inji a madaidaiciyar mota, sai John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar, suka sa inji mai lita 6.4 a cikin motar Tempest da sunan wai ƙari ne da mai saye ya zaɓa. Suka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Ganin haka sauran kamfanoni suka shigo, har a 1970 aka fitar da Chevrolet Chevelle mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Yayin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da takunkumin man fetur na 1973, su suka haɗu suka kashe kasuwar.

Suna na biyu shi ne tseren rubu'in mil. Motoci biyu ne suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, a ba su alama, su fizga a miƙe, babu kwana, har tsawon ƙafa 1,320, watau mita 402. Ya fi kama da sukuwar dawaki biyu a gajeren fili, kuma su ma Amurkawa sun daɗe suna tseren dawaki na wannan tazara, har suna da jinsin doki da aka raɗa wa suna da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari da yawa sun dawo gida da ƙwarewar gyaran inji, suka riƙa tsere a titunan gari da dare, ana ta asarar rayuka. A 1950 aka buɗe filin tsere na haya a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana a Kalifoniya, a 1951 kuma Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke abin daga titi a sa masa doka. Ita ce babbar ƙungiyar wannan wasa har yau. Tun 2008, bayan mutuwar direba Scott Kalitta, an rage wa manyan azuzuwa biyu mafiya gudu tazara zuwa ƙafa 1,000, amma irin motocin da muke magana a kansu rubu'in mil suke yi, ko rabinsa a ƙananan filaye.

Abin da kowa yake zato shi ne, in ana son mota ta ci wannan tsere sai a ƙara wa inji ƙarfi, shi ke nan. Bari mu duba lissafi. Akwai wata ƙa'ida ta wani injiniya mai suna Patrick Hale wadda masu sana'ar ke amfani da ita. A raba nauyin mota, bisa awon laba, da ƙarfin dokin injinta. Alal misali mota mai laba 3,600, watau wajen kilo 1,630, da inji mai ƙarfin doki 400, amsa 9 ke nan. Sai a nemi lambar da in aka jera ta uku aka ninka za ta ba da 9, ita ce 2.08. A ninka wannan da 5.825, a sami sakan 12.1. To, a ninka ƙarfin injin nan biyu ya zama 800, abin da zai ci kuɗi masu yawan gaske, lokacin sai ya sauko zuwa sakan 9.6 kurum. Wanda yake son ya raba lokacin biyu sai ya ninka ƙarfi sau takwas. Amma a bar injin yadda yake, a rage laba 600 daga jikin motar, lokaci zai koma sakan 11.4, ribar da sai an ƙara ƙarfin doki 80 za a same ta ta wancan gefe. Daga nan ne aka sami abin da ke bakin kowa a filin tsere, cewa kowace laba 100 da aka zubar ta yi daidai da kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Sa'an nan ku lura, wannan lissafi ya ɗauka cewa dukkan ƙarfin yana isa ƙasa, alhali ba ya isa. Chevelle ɗin nan ta 1970, da mujallu suka gwada ta sabuwa, sakan 13 da 'yan kai ta riƙa yi, gama tayoyinta na wancan zamani, masu faɗin inci 6 zuwa 7, da an taka totur sai su yi ta juyawa wuri ɗaya suna hayaƙi. Ashe ke nan matsalar mai ƙwanji tun daga masana'anta ita ce tana da ƙarfin da ya fi ƙafafunta. Aikin mai gina motar tsere, kusan dukkansa, shi ne neman hanyar da ƙarfin zai bi daga inji ya isa kwalta ba tare da ya zube ko ya karya wani abu a hanya ba. Shi ya sa zan bar maganar inji sai can ƙarshe, kamar yadda gwanayen ke barinsa.

Kamfanonin da kansu sun nuna hanya. A 1968 Chrysler ya aika da jikunan ƙananan motoci, Dodge Dart kimanin 80 da Plymouth Barracuda kimanin 70, zuwa kamfanin Hurst don a cusa musu injin Hemi mai lita 7. Injin ya yi wa ramin yawa, sai da aka sa babbar guduma aka daki bangon ramin ta gefen dama kafin ya shiga. Aka cire kujerar baya da rediyo da na'urar ɗumama ɗaki. Aka yi murfin inji da ɓangarorin da ke rufe tayoyin gaba da faiba maimakon ƙarfe, aka tsoma ƙofofi cikin asid don ƙarfensu ya sirance, aka sa siririn gilashi wanda da maɗauri ake jan sa sama. Kujerun gaba daga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya aka ɗauko su saboda rashin nauyi, batir kuma aka mai da shi cikin but. An sayar da su ko fenti ba a gama yi musu ba, babu garanti, tare da gargaɗin cewa ba na hawa titi ba ne. Nauyinsu wajen laba 3,000, kuma a hannun direbobi irin su Ronnie Sox da Dick Landy sun shiga cikin sakan 10. Duk wanda ya sa tsohuwar mota a gaba yau, da saninsa ko ba da saninsa ba, wannan tsari yake bi.

Sai dai kuma akwai shawarar da waɗancan ba su fuskanta ba, shi kuwa mai gini na yau dole ya yanke ta kafin ya taɓa ko ƙusa ɗaya. Motocin nan sun zama kayan tarihi. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. Darajar irin waɗannan tana rataye ne ga kasancewar injin da giyar su ne ainihin waɗanda aka fito da su daga masana'anta, lambobinsu sun dace da na jikin. Gyaran tsere kuwa yanka ne da walda, abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Saboda haka mai hankali yakan nemi 'yar'uwarta maras gata, wadda aka yi da ƙaramin inji mai silinda shida don zuwa kasuwa, tun da jikin ɗaya ne. Ni dai ra'ayina, wanda ya sa wuƙar walda a jikin ta asali ya yi ɓarna, ko da kuɗinsa ne, gama ba za a sake ƙera ta ba. Maƙwabcina ba ya tare da ni a nan. Cewa yake an yi su ne don gudu, wadda aka kulle a ɗaki ana goge mata ƙura ita ce aka ɓata. Ba mu taɓa daidaitawa ba. Abin da muka yarda a kai shi ne tsatsa: jikin da ya haura shekara hamsin sai an duba ƙasansa da wuraren da sifirin ke kamawa, don a nan ƙarfi zai fara gwada shi.

Maganar rage nauyi ba ta bukatar dogon bayani bayan abin da na faɗa a kan motocin 1968. Abu ɗaya zan ƙara: inda nauyin yake ya kusa kai yawansa muhimmanci. Ƙaton injin ƙarfe yana sa fiye da rabin nauyin motar ya zauna a kan tayoyin gaba, waɗanda ba sa tura kome. Don haka laba ɗaya da aka cire daga hancin mota ta fi laba ɗaya da aka cire daga bayanta amfani.

Yanzu mun zo ga zuciyar aikin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan motar kaya direba ya fizga ya san yadda jiki ke tafiya baya. Haka nauyin motar kanta yake yi, yana barin tayoyin gaba ya koma kan na baya, kuma gwargwadon yadda aka danne taya haka take kama ƙasa. A motar hawa ana ƙoƙarin rage wannan don kada ta riƙa ɗaga hanci. A motar tsere kuwa nemansa ake yi ruwa a jallo. Akan sa wa gaba shokazoba irin wadda ke miƙewa da sauƙi amma ta ƙi komawa da wuri, da dogon sifirin mai laushi, don hancin ya tashi nan da nan ya daɗe a sama. A 1965 Chrysler ya wuce haka, ya matso da aksul na baya gaba da inci 15, na gaba kuma da inci 10, don nauyi ya ƙara zama a baya. Motocin suka yi wata irin siffa mai ban dariya, kuma daga nan ajin da ake kira Funny Car ya samo sunansa. Amma abin yana da iyaka. In hanci ya tashi fiye da kima, mota ta tsaya da ƙafafun baya kamar doki ya yi tirjiya, direba ba ya ganin hanya, sitiyari ba ya aiki, in ta faɗo kuma ta fasa kwanon mai. Shi ya sa za ku ga wasu da 'yan ƙananan tayoyi a kan sanduna suna biye da su a baya.

A ƙarƙashin bayan motar ma akwai rigima. Yawancinsu, irin su Camaro da Nova da Mustang da na Chrysler, sifirin mai ganye gare su, irin wanda muka sani a motocin kaya. Sa'ad da tayoyi suka juya gaba da ƙarfi, kwanson aksul yana ƙoƙarin juyawa baya, sai ya lanƙwasa sifirin, sifirin ya kai maƙura ya saki, taya ta yi tsalle, ta sauko ta kama, abin ya sake. Wannan tsalle-tsalle yana iya faruwa sau da dama cikin sakan ɗaya, kuma babu abin da ya kai shi karya ƙarfe. Maganinsa na farko sanduna ne da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sifirin su hana shi lanƙwasa, su kuma mai da wannan juyi ya zama danna taya ƙasa. Wanda ya yi nisa yakan cire sifirin mai ganyen ɗungum, ya sa sanduna huɗu masu ramuka da yawa, ta yadda zai iya sauya kusurwarsu ya zaɓi ko motar ta bugi taya da ƙarfi ko a hankali. Har wa yau, juyin furofela, watau doguwar sandar da ke kawo ƙarfi daga giya zuwa aksul na baya, yana rage wa tayar dama nauyi ya ƙara wa ta hagu. In ba a gyara ba motar ba za ta tashi a miƙe ba. Dalili ke nan da ya sa batir ɗin da aka mai da but a gefen dama ake ajiye shi, sifirin na dama kuma a ƙara masa tauri. Motocin da ba su da cikakken shasi kuwa sai an haɗa gabansu da bayansu da ƙarafa ta ƙasa, in ba haka ba jikin yakan murɗe har ƙofa ta ƙi rufuwa.

Tayar kanta abin kallo ce. Sumul take, babu zane, roba mai laushi, faɗinta inci 10 ko fiye. Kamfanin M&H ne ya fara yin irinta musamman don wannan tsere a ƙarshen shekarun 1950. Gefenta siriri ne ƙwarai, iskar da ake sa mata kuma ba ta kai rabin ta motar hawa ba, don haka a lokacin tashi gefen yakan tattare kamar bakin buhu, ya sha bugun farko, sa'an nan ya saki ƙarfin a hankali. Saboda ƙarancin iskar, sai an ɗaure tayar ga ƙarfenta da sukurori, in ba haka ba ƙarfen zai juya a cikinta ya bar ta. Kafin tashi direba yakan ratsa ɗan ruwa, ya riƙe birkin gaba kaɗai, ya juya tayoyin baya har su yi hayaƙi. Baƙo yakan ɗauka burga ce, alhali zafi ake ba robar don ta yi danƙo ta kuma zubar da tsakuwar da ta kwaso. Shi ma filin akan fesa masa wani ruwa mai danƙo, har in ka taka sai takalminka ya nemi cirewa. In tayar ta fi ramin da aka yi mata faɗi, sai a yanke ramin a faɗaɗa shi ta ciki, a gajarta aksul. Wannan shi ne yankan da na ce ba ya komawa.

To, an sami taya ta kama. Tsugune ba ta ƙare ba. Muddin taya tana sulɓewa, ita ce ƙofar da rarar ƙarfi ke fita, da an toshe ta sai ƙarfin ya nemi abin da ya fi rauni a layin. Na ga wannan da idona ranar da maƙwabcina ya fara sa sumul ɗin taya. Fitila ta ba da hannu, motar ta yi tsalle kamar taku ɗaya, muka ji ƙara kamar an harba bindiga, sai ga ta tsaye inji yana ta kuka. Sandar aksul ce ta murɗe ta tsinke kamar rake. Turo ta muka yi. Saboda irin wannan ne ake sauya aksul na baya gaba ɗaya, kuma guda biyu suka yi suna: na Ford mai inci 9, wanda har masu Chevrolet ke sawa ba kunya, da Dana 60. Akan kuma cire na'urar da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, a ɗaure su su riƙa juyawa tare. Daga ran nan motar ta daina son kwana.

Haƙoran aksul ma lissafi ne. A motar hawa furofela takan juya kamar sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. A ta tsere akan kai 4.10 ko 4.56 ko 4.88, don a sami ƙarfin fizga, kuma ana zaɓa ne ta yadda inji zai kai ƙarshen juyinsa daidai bakin layin ƙarshe. Da 4.56 da taya mai tsayin inci 28, motar da ke gudun mil 125 a awa, watau wajen kilomita 200, injinta yana juyi kimanin 6,800 a minti. Ita dai wannan mota a gudun mil 60 kacal injinta ya haura juyi 3,200, ga ƙara ga shan mai. Kun ga kowane mataki yana ƙara nisanta ta da titi, har ta kai sai a kan tirela ake kai ta fili.

A zamanin Ronnie Sox gwaninta ita ce sauya giya huɗu da hannu ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba. Yau yawanci otomatik ake sawa, don ba ta kuskure. Abin mamaki, wadda aka fi so ita ce Powerglide, tsohuwar giyar Chevrolet mai hawa biyu kacal da aka yi don motocin iyali. Tsakanin inji da irin wannan giya akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, da fankoki biyu suna fuskantar juna, ɗaya tana kora mai yana juya ɗayar. Na motar hawa yakan kama tun inji bai kai juyi 2,000 ba. Na tsere an yi shi ya yi ta sulɓi har juyi 4,000 ko 5,000, inda injin ke da ƙarfinsa. Akwai kuma wani maɓalli da ke sa giyar gaba da ta baya su kama lokaci ɗaya, motar ta kafe, direba ya take totur har ƙasa, da ya saki maɓallin sai ta fita kamar kibiya.

Sai inji. Inji famfon iska ne: yawan iskar da ya shaƙa ya fitar, ita ke ƙayyade man da zai ƙona. Don haka akan faɗaɗa hanyoyin iska na kan silinda, a sa manyan bawul, a sauya kamshaf da wanda ke buɗe su sosai ya daɗe bai rufe ba, wanda shi ke sa injin tsere yin wannan gurnani mai tsinkewa in yana tsaye. A cire salansa a ba kowace silinda bututunta. A ƙara matsi: Hemi na 1968 yana matse iska da mai 12.5 zuwa 1, abin da man gidan mai ba zai jure ba, sai man tsere mai oktan 110 ko sama. Wanda bai ƙoshi ba yana iya tura iska da ƙarfi, da turbo ko da irin famfon nan 6-71 da aka aro daga injunan dizal na General Motors, ko ya fesa iskar naitiros, wadda kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 gare ta. Kowanne aka zaɓa, fistin da sandunansa da karanshaf sai an sauya su da na ƙarfen da aka buga, ba wanda aka zuba ba. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kashe inji fiye da manya. A lokacin fizga baƙin mai yakan gudu bayan kwano ya bar bakin famfo yana shaƙar iska, sakan biyu na haka sun isa, don haka akan yi wa kwanon shingaye a ciki. Fetur ma haka yake yi a cikin kabireta. Da yawa a yau sun huta da tsohon injin ma, suna sa na zamani irin LS na General Motors, wanda ya fito a 1997, don ya fi sauƙin nauyi da kuɗi. Masu ra'ayin riƙau ba sa ko son jin wannan.

Duk wannan da ran mutum a ciki ake yi. A watan Maris na 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyar motar Don Garlits ta fashe a wajen tashi, ta raba motar biyu ta yanke masa wani ɓangare na ƙafar dama. Yana kwance a asibiti ya tsara motar da injinta ke bayan direba, ya ci gasa da ita a 1971. Tasa ba mai ƙwanji ba ce, amma darasin ya shafi kowa, gama a mai ƙwanji ƙafafun direba suna dab da giya. Dokokin NHRA hawa-hawa suke, bisa ga lokacin da motar ke yi. Daga sakan 13.99 sai da hular kwano. Daga 11.49 sai an yi walda da baka na bututun ƙarfe a bayan direba, da ɗamara mai harshe biyar. Daga 9.99, ko gudun mil 135, sai cikakken keji wanda mai duba ya sa wa hatimi, direba kuma sai da lasin tsere. Daga mil 150 sai da laimar tsayawa. Ga garkuwar da ke kewaye giya, ga zoben da ke tare furofela in ta tsinke kada ta caki ƙasa ta wuntsila motar, ga makunnin kashe wuta a waje inda masu ceto za su kai hannu. Birkin asali ma, wanda aka yi don zirga-zirgar gari, sai an sauya shi da mai faifai. Kejin nan yana mai da wani ɓangare na nauyin da aka sha wahalar cirewa, amma yana ƙara wa jiki tauri, motar ta fi tashi daidai.

A bakin layi akwai wata doguwar sanda mai fitilu da ake wa laƙabi da bishiyar Kirsimeti, wadda ta maye gurbin mai ɗaga tuta a 1963. Fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna kunnuwa bi da bi, rabin sakan tsakaninsu, sa'an nan kore. Wanda ya jira ya ga kore ya makara, gwanaye a ta uku suke saki. Wanda kuwa ya riga koren, ja za ta kama masa, ya faɗi tun bai tashi ba: sauri ya haifi nawa. A irin gasar da talakawan masu motocin nan suka fi shiga, kowa yakan rubuta lokacin da yake zaton motarsa za ta yi a jikin gilashi da farin alli, a ba mai nawa damar fara tashi gwargwadon bambancin, kuma duk wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Nan mai motar sakan 12 da ke maimaita lokacinta yakan kori mai motar sakan 9 da ba ta da tabbas. Iska ma tana da hannu, gama sanyin safiya yana ƙara wa inji ƙarfi zafin rana ya rage, tudu kuma yana cin wajen kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000.

Bayan kowane gudu akan miƙa wa direba 'yar takarda. A jikinta akwai jinkirinsa wajen tashi, da lokacinsa a ƙafa 60, da 330, da 660, da 1,000, da 1,320, da gudun da ya ƙare da shi. Gudun ƙarshe shi ke faɗin ƙarfin inji, lokacin ƙafa 60 kuwa shi ke faɗin ko ƙarfin ya isa ƙasa, kuma masu sana'ar sun ce abin da aka samu a wannan ɗan taƙi yakan kusa ninkuwa kafin ƙarshen fili. Ni ɗan kallo kullum lambar ƙasa nake fara nema. Dattijon nan kuwa yakan rufe ta da babban yatsa, ya karanta ta ƙafa 60, ya ɗaga kai ya dubi rana, sa'an nan ya durƙusa ya rage wa tayoyin baya iska kaɗan, ya rubuta a wani tsohon littafi da ke cikin aljihun ƙofa, mu koma layi.